Kafaɗar Mai Kyamara

"Mama, kafaɗar nan ta gama aiki," in ji likitan, yana nuna mata hoton ƙashinta. "Ki haƙura da kyamara."

Shekara arba'in ke nan tana saɓa ta a dama, tun maza a Minna suna mata dariya. Ta yi fim a kan masunta, da matan Gbagyi masu ɗaukar kaya a kafaɗa irin uwarta. Jibi ruwan dam zai haɗiye ƙauyen da aka binne uwar, kuma babu wanda ya je ɗaukarsa a fim.

"Ka gama, ɗana?"

"Na gama."

Ta sunkuya, ta cije leɓe, ta saɓa kyamarar da ta zo da ita a kafaɗar hagu.

"Wannan ai ba ka duba ta ba."