Shagon da Yake Ɓata Duk Alhamis

Da mutuwar mijinta, Sittana ta rasa abokin gardama, ta samu murhun gasa naman agashe a kasuwar Umdurman da tsohuwar kwamfutarsa. Ƙarin baƙin ciki, kowa tsoronta yake ji: ta faɗi farashi, a biya a wuce.

Ta so sayar wa 'yan Sudan da ke Saudiyya yajinta, sai aka haɗa ta da Sharafaddeen, wani gwauro mai furfura daga unguwar Hajj Yusuf, mai gina shaguna a intanet. Takunkumi ya hana shi sayen manhajojin waje, don haka da na kyauta yake aiki. Layi ɗaya ya buga a kwamfutar, sai ga ƙwarangwal ɗin shago ya tsaya a cikin wata jaka mai ruwan ɗorawa. Ya ce masana ne suka gina abin suka bar wa duniya, shi ado kawai zai ƙara.

"Ashe ruwan sabil na sadaka za ka sayar mini, Ustaz?"

Ya ce ɗauko ruwan ma aiki ne. Ta taya, ya yi albarka. Ta harare shi, bai sauko ba. Ta hana a ɗora shagon a intanet sai an daidaita, sannan ta dafa masa gahawar jabana.

Ranar Alhamis ya dawo, jakar ta ɓace. Ta ce ɗauke wuta ne. Ya sake buga layinsa, suka koma ciniki. Alhamis ta gaba ma haka. Ya canza waya, ya goge jan ƙurar da ke kan linzamin kwamfutar, ya zargi zafi, ya zargi aljanu. Ita kuwa ta fara ƙunshi.

Da ya gaji da kuɗin keken raksha, ya ce ya yafe ladan: yau zai ɗora shagon inda ba ya ɓata, ba zai sake damunta ba. Ya daɗe yana juya finjalinsa, sannan ya tambaya a hankali, ko akwai wani cinikin da za ta saurara, nawa ne sadakinta.

Ta ƙi zinariya, ta ƙi gida.

"Gardama ɗaya kullum, kuma kada ka bar ni in ci da sauƙi," in ji ta. "A haka na sallama. Yatsana ya gaji da jan jakar nan zuwa kwandon shara duk Laraba."