Madubai Arba'in a Gonar Albasa

Kai da kake tambayata wacce ta fi, wutar tururi ko ta farantin sola, gyara zama in ba ka labarin wasu manoman rani biyu, in ka ji sai ka yanke da kanka. Gonakinsu a jere suke a fadama, kunya ɗaya ce ta raba su, kuma duka albasa suka dasa. Albasa kuwa ka san halinta, in ta fara ɗaura kai ba ta yafe ƙishirwar kwana uku. Da fetur ya gagari injin ban ruwa, ɗayan, wani mutum shiru-shiru, ya je birni ya ɗauko farantin sola huɗu, ya kafa su a kan sanduna suna kallon sama, ya ja waya zuwa famfon rijiyarsa, ya koma gindin mangwaro ya miƙe ƙafa. Ruwa na zuwa kaɗan-kaɗan kamar daga bakin buta, amma ba ya yankewa. Shi kuwa ɗayan mai hannu ne na gaske, irin mutanen nan da in ka ba su gyaran rediyo sai su dawo maka da ita tana magana, ga ragowar kusoshi uku a aljihunsu. Ya taɓa gani a waya yadda a wasu ƙasashe ake jera dubban madubai a hamada, duk su haska kan hasumiya ɗaya, zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, inji ya haifi wuta, har ma su narka gishiri su ɓoye zafin a ciki don bayan faɗuwar rana. Ya rantse wannan ce wutar maza.

Mutumin naka ya bi kafintoci ya kwashe madubin sif guda arba'in, ya samo tsohuwar tukunyar gas ya shafe ta da baƙin fenti ya cika ta da ruwa ya ɗora a kan turke, ya ƙera farfela da gwangwani ya haɗa ta da dainamon wata matacciyar mota, ya yi musu rumfar zana. Ranar da ya jera madubai ya karkato su ɗaya bayan ɗaya, malam, sai ka ce rana ce ta sauko ta tsuguna a gindin tukunyar! Ba a jima ba ta fara huci, farfela ta ɗauki kuka kamar jirgi zai tashi, famfo ya yi tari sau biyu, ruwa ya yi tsalle daga tiyo har ya tuɓe wa wani dattijo hula. Fadama ta watse, kowa ya bar fartanya ya taho kallo. Wani ya miƙa kara cikin hasken, nan take ya kama da wuta. Wani ya kawo ɗanyar masara, aka gasa aka ci ana shewa. Mai madubai ya riƙe ƙugu yana leƙen maƙwabcinsa, yana tambayarsa ko allunan nasa barci suke yi ne. Abu ɗaya ne bai shiga lissafinsa ba: rana ba ta zama wuri guda. Da ta gusa taku ɗaya sai hasken ya sauka daga kan tukunya, dole ya zagaya madubai arba'in yana tura wannan, yana sa wa wancan dutse, kafin ya gama na ƙarshe na farko ya kauce. Ya zama makiyayin madubai, ko tuwo a tsaye yake ci.

Sai ga Juma'a ta zo. Ya cika tukunya, ya saita madubai tsaf, ya ce ai raka'a biyu ce, yanzu zai dawo. Liman ya ja huɗuba. Da aka sallame aka yi sanarwar rasuwa a unguwar mahauta, kuma wa zai tsallake gaisuwar mutuwa ya ce zai je duba madubi? Yana can ana shafa fatiha, rana na can tana tafiyarta. Hasken nan ya sauko daga tukunya, ya rarrafa a ƙasa a hankali, ya hau kan tiyon da ke naɗe ya narkar da shi, ya wuce ya kama rumfar zana, wutar zana ta cinye dainamo. La'asar suka iso tare da maƙwabcin. Na faranti ya tarar kowane fangalin albasarsa ya sha ya ƙoshi ba wanda ya tsaya a kansa. Na madubi ya tarar da toka, da madubai arba'in suna haska wani bushasshen kargo. Kwana biyu yana ɗiban ruwa da guga, ganyen albasa na kwanciya a idonsa. A na uku ya tsallaka kunya, ya cire hula ya tsaya a gaban maƙwabcinsa. Maƙwabcin bai yi masa gori ba, ya ɗauki fartanya ya fasa kunyar, ruwan bakin butar nan ya gangara, ya ce: "Na ƙasa-ƙasa za su tashi, na tudu kam sai haƙuri." Rabin albasar ya tsira.

Ba wai tururi ƙarya ba ne, a'a. Masu hamada kowane madubi nasu da injin da ke juya shi yana bin rana, kuma injin ba ya zuwa ta'aziyya. Amma kai mai fangali ashirin, kafin kukan farfela ya tafi da hankalinka, tuna abin da Bahaushe ya ce: ba girin-girin ba dai, ta yi mai.