Bokitin Kashim a Shingen Potiskum

Ƙarfe goma na safe sojoji suka mirgino ganguna suka rufe shingen shiga Potiskum. Wai ana bincike a cikin gari. Har azahar ta gota ba wanda ya faɗi lokacin buɗewa.

Motar Gadaka ce ta tara a layi. Fasinjojinta suka zube a gindin wata darbejiya, kowa ya bar tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Shekarar da aka yanke layin waya ce, lokacin da ko tari mutum ya yi da ƙarfi sai an kalli ƙugunsa, don tsoron bam. Masu talla kuwa an daɗe da korarsu daga bakin shinge. Ko ruwan leda babu.

Georgina, mai sayar da gwanjo a kasuwar Potiskum, tun daga tasha idonta ke kan wasu mutum biyu da suka zauna a kujerar baya. Ɗaya dogo, fuska a murtuke, ta ji ana kiransa Idrisu. Ɗayan gajere, Kashim, mai yi wa kowa murmushi, silifas ɗinsa ƙafa ɗaya ja, ƙafa ɗaya shuɗi. Tsakaninsu akwai wani bokiti mai murfi, an ɗaure shi tamau da igiya.

Bokitin nan shi ya hana ta sakat.

Da zafin rana ya tsananta, Idrisu ya miƙe. "Zan je in yi magana da sojojin nan. Zauna nan, kada ka motsa."

"Ina zan je, Oga?" in ji Kashim. "Wanda ya yi gudu a nan ai sai dai a kwashe shi."

Idrisu ya ɗaga hannuwa sama kamar yadda doka ta ce, ya nufi shinge.

Bai daɗe da tafiya ba wata tsohuwa, Ya Kaka, ta fara karkarwa. Ciwon suga gare ta, kuma rabonta da abinci tun kokon asuba. Georgina ta cire ɗankwali tana yi mata fifita, sauran suka zuba ido.

Kashim ya dubi tsohuwa, ya dubi hanyar da Idrisu ya bi. Sai ya ja bokiti ya fara kwance igiya.

Wuri ya watse. Direba ya yi ƙarƙashin mota yana salati. Dung, wani malamin makaranta mai taye, ya faɗa kwalbati yana kiran Yesu. Georgina ta so gudu, amma tsohuwa ta riƙe mata zane.

Murfi ya buɗe. Maimakon ƙara, sai ƙamshi: soyayyen naman rago ne cike da bokiti, ya sha yaji da tafarnuwa.

"Bismillah, jama'a," in ji Kashim.

Ba wanda ya matso. Ya Kaka ce ta miƙa hannu. "Ba ni, ɗana. In ma mutuwar ce, ta same ni ina tauna."

Da aka ga ta haɗiye tsoka uku ba ta fashe ba, sai direba ya rarrafo. Dung ya fito daga kwalbati yana kakkaɓe wando, ya ce dama alƙalaminsa ya faɗa ciki. Kafin a jima an yi da'ira. Abin mamaki, sai ga burodi biyu sun fito daga jakar Dung. Georgina ma ta tuna tana da gorar ruwa da ƙuli-ƙuli a ƙasan kaya.

"Suna aka yi muku?" ta tambayi Kashim, bakinta na sheƙi.

"A'a, Madam. Ragon ne dai kwanansa ya ƙare."

Hira ta ɓarke. Ashe ɗiyar direba a ajin Dung take. Ashe layi ɗaya ne tsakanin gidan Georgina da na Ya Kaka, shekara shida ba su taɓa gaisawa ba.

"Ranar da kika ji harbi, 'yata, kada ki tsaya neman cocinku," in ji tsohuwa. "Ki kwaso yara ki taho ɗakina. Hijabi huɗu gare ni."

Georgina ta sunkuyar da kai, ta ce yaji ne ya shiga idonta.

Shi Kashim ko loma bai kai baki ba. Ya ce ya ci rabonsa tun jiya. Aikinsa kawai tura wa mutane: "Malam, ƙara. Direba, ga haƙarƙari. Don Allah kada a bar komai." Ya tattara ƙasusuwa ya watsa wa karnukan da ke bayan kwalbati, ya sa aka suɗe bokiti da burodi har ya yi ƙal.

Dung ya yi masa addu'a irin tasu. Ya Kaka ta ɗora da tata: "Allah ya fitar da kai daga duk abin da ya dame ka." Amin ɗin Kashim ya fi na kowa ƙarfi.

Gab da la'asar Idrisu ya dawo, leɓe a bushe, ya ce za a buɗe hanya. Ya Kaka ta kwance bakin gyalenta, ta miƙa masa tsoka ɗaya da ta ɓoye. "Ungo, ɗana, kai kaɗai ne ba ka ci ba."

Ya jefa a baki, ya lumshe ido, ya haɗiye. Sannan idonsa ya sauka a kan bokitin, da igiyar a yashe a ƙasa.

Sai ya zauna daɓas, ya zaro katin aikinsa daga cikin safa, ya nuna musu da hannu mai maiƙo.

"Jama'a, ni ɗan sanda ne. Wannan ɓarawon rago ne, kotu zan kai shi, kuma kaf shaidar da nake da ita a kansa yanzu muka gama cinye ta."