Ɗan Wasan da Ke Gudu Kowace Asabar

Wata malama ce ta ba ɗalibanta wannan misali, ranar da suka cika aji da musu a kan abin da suka gani a talabijin.

An yi wata ɗalibar jami'a da ke son wani ɗan ƙwallo, so irin na shiru, wanda ko ƙawayenta ba su san da shi ba. Sai wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauke shi zuwa gari mai nisa. Da farko kullum yakan kira ta bayan atisaye, yana haki yana dariya. Daga baya wayarsa ta daina shiga. Hankalinta ya tashi har ta haɗa jaka za ta bi sahunsa. Ranar Asabar da la'asar ta leƙa ɗakin kallo na ɗalibai, ta tarar ba kowa, samari duk sun tafi gari kallon wasan Turai. Ta kunna wata ƙaramar tasha, sai ga shi cikin koriyar riga, yana ratsa 'yan baya kamar wuƙa cikin kabewa, mai sharhi yana kiran sunansa. Ta yi ajiyar zuciya, ta koma ta kwance jakarta. Ta ce a ranta, mai gudu haka ai lafiyarsa ƙalau, ɗaukaka ce kawai ta shagaltar da shi. Ta yi ɗan fushi irin na masoya, ta ce sai dai shi ya neme ta.

Haka ta riƙa zuwa kowace Asabar, ita kaɗai a tsakiyar kujerun da ba kowa. Ba ta kula da wa aka kara ko nawa aka ci, shi kaɗai take kallo. Damina ta sauka, ruwa yana dukan kwanon ɗakin, amma a allon rana ce tarwai, ciyawar filin a bushe. Wata rana zai yi bugun kusurwa, sai balbela ta gifta ta bayan raga, wani tsoho mai jar hula ya miƙe ya dafe kai. Bayan 'yan makonni balbelar ta sake giftawa a daidai wurin, tsohon ya sake miƙewa ya dafe kai. Ta lura da haka, amma ta kau da ido ta mayar kan fuskar masoyinta. Ba ta taɓa tambayar yaushe aka ɗauki wasan ba, ba ta kuma nemi kalmar “kai tsaye” a kusurwar allon ba. Ashe tashar ba ta da sabon abin nunawa, tsofaffin wasanni take juyawa don cike lokaci.

Sai da aka yi hutu ta hau mota zuwa garin da aka kai shi. Ta yi ta tambaya har gidan da ya sauka. Dattijuwar gidan ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, “Ke ce 'yar jami'ar? Allah sarki, 'yata. Zazzaɓi ya kwantar da shi tsawon lokaci, in ya farfaɗo sai ya tambaya ko kin iso. Tun kafin ruwan fari aka kai shi makwancinsa.”

Malamar ta dubi ɗalibanta. Ta ce, allo yana nuna maka mutum, amma ba ya faɗa maka yaushe, sai in ka tambaya. Shi ya sa Hausawa suka ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne.