Kwana Ɗaya a Babban Otal

Direban tasi ya sauke su a bakin titi, tsakanin gini biyu, ya ja motarsa ya yi gaba.

A dama ga babban otal, mai fararen ginshiƙai da ƙofar gilashi mai juyawa, ginin da ya girmi duk wanda ke wucewa ta gabansa. A hagu, cikin lungu, ga wani masaukin baƙi, allonsa a karkace, rabin rubutun ya goge.

"Yaya, mu shiga lungun nan mu huta," in ji ƙanwar. "Wancan ba wurin irinmu ba ne."

Yayar, matar wani mai wanki, ko kallonta ba ta yi ba. Shekara talatin mijinta ya yi yana wanke zannuwan gadon otal ɗin nan, yana goge su, har hannuwansa suka tsattsage. Kullum da rana ita ke kai masa abinci ta ƙofar baya, wajen da ake tara shara. Ya sha ce mata wata rana sai sun kwanta a kan zanin nan sun ji abin da masu kuɗi ke ji. Bawan Allah, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taka benen ba. Shi ya sa ta yi rantsuwa sai ta kwana a ciki, ko da sau ɗaya ne. Keken ɗinkinta ta sayar saboda wannan tafiya, kuma ba ta sanar da kowa tana tafe ba.

Ta gyara mayafi, ta ja ƙafarta mai ciwo, ta shiga ta ƙofar gaba. Ƙanwar ta bi ta da jaka tana ƙunƙuni.

Sanyi da ƙamshi suka tare su. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta dube su daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan silifas ɗinsu, sannan ta yi murmushin aiki.

"Ɗaki nake so," in ji tsohuwar. "A bene. Ga kuɗina."

Yarinyar ta fara danne-danne a kwamfuta ke nan, sai ga manaja ya fito daga ofis, kwat da laktai, takalmi na ƙyalli. Ya yi turus. Tsohuwar ta zuba masa ido, fuskarta ta fara washewa. Shi kuwa allon kwamfutar kawai yake kallo.

"Babu ɗaki," ya ce.

"Ranka ya daɗe," in ji yarinyar, "ai na ga bene na uku duk..."

"An kama su tun safe." Ya juyo, idonsa a kan jakar. "Baiwar Allah, ku yi haƙuri. Akwai masauki a lungun can, zai fi muku. Ku ce a ba ku ɗakin ƙasa, saboda gwiwar nan ta hagu."

Ƙanwar ta buɗe baki za ta yi magana, yayar ta matse mata hannu har sai da ta yi ƙara. Suna juyawa wani mutum ya shigo yana jan akwati mai taya, ba su kai ƙofa ba aka miƙa masa mabuɗi.

Ɗakin masaukin kuwa, sai a hankali. Fanka na kuka, katifa ta lotsa a tsakiya, bokiti ɗaya a banɗaki. Ƙanwar ta yi ta zage-zage har muryarta ta dishe. Yayar ta zauna a bakin gado da mayafinta a jiki.

Wajen la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Manajan ne, ya cusa laktai a aljihu, yana waige-waige kamar ɓarawo. Ya shigo ya tura ƙofar, ya durƙusa a kan simintin da wandonsa mai tsada.

"Inna, don girman Allah ki rufa mini asiri," ya ce. "A can na gaya musu uwar da ta haife ni ta daɗe da rasuwa."