Abdulgafar Ya Daina Gaisuwa

"Gaisuwa ce ta hana ƙasar nan ci gaba!" in ji Abdulgafar, yana jingina wayarsa da buhun masara. "Ina kwana, ina gajiya, ya shanu, ya damina, har rana ta take!"

Yayarsa Suwaibatu ta taɓe baki. "To Bature, Allah ya ba da sa'a."

Jami'arsu ce ta haɗa shi aikin bincike ta intanet da wata ɗaliba 'yar Jamus, Annika, kuma rahoton da za ta rubuta a kansa shi ne rabin makinsa. Ya karanta cewa Jamusawa ba su wasa da lokaci. Don haka daga zauren gidansu a Sheme, da fuskarta ta bayyana a wayarsa sai ya ce, "Mu shiga aiki." In ta buɗe baki, ya tare ta da shafi na gaba. Har tausayin abokansa yake ji, masu ƙona data a kan "ya gida".

Ana dab da miƙa aikin, malamarsu Dakta Hamida ta kira shi.

"Annika ta nemi a canza mata abokin aiki."

"Ni? Ranki ya daɗe, ban taɓa makara ba!"

"Ta ce tun kafin a haɗa ku take haddace gaisuwar Hausa, har da ta damina, ba ka taɓa bari ta yi ba. Ta yi mura, ko sannu ba ka ce mata ba." Dakta ta danne dariya. "Wai ita dai a ba ta Bahaushe na gaske."