Ranar da Baba Ya Wanke Ciwon Duna

Ina da shekara takwas ranar da Duna, karen da ke gadin shagon Baba a kasuwar Katako, ya shigo gida bayan la'asar yana ɗingishi. Tsohon kwanon rufi ne ya yanke shi a cinya, ƙudaje har sun taru a kan ciwon. Likitan dabbobi yana Vom, kuma babu mota sai da safe.

Maƙwabcinmu, Oga Sule bakanike, ya kawo baƙin mai a gwangwani. Ya ce, "Alhaji, a tsiyaya masa wannan daga nesa, ƙuda ba zai ƙara sauka ba. Kai da ke zuwa masallaci, ina kai ina taɓa kare?"

Baba ya ture gwangwanin gefe. Ya sa Mama ta tafasa ruwa da gishiri, aka bari ya huce. Ya ɗaure bakin Duna da tsumma, ya ce in riƙe kwanon ruwan gishirin. Ya tsuguna da farar rigarsa yana wanke ciwon sannu a hankali, karen yana karkarwa, yawunsa yana zuba a hannun Baba.

Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Sule, yawun kare ƙasa da ruwa ke wanke shi. In ƙafar nan ta ruɓe a gidana, da me zan wanke alhakin?"

Ya naɗe ciwon da yankin ƙyalle mai tsabta, ya wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ya sake riga, ya samu sahun farko a magariba.

Har yau, in wani ya fake da tsarki don gudun taimako, ba na musu da shi. Ni na riƙe kwanon nan.